Yadda Ake Feɗe Salon Darakta, a Kuma Ɗauki Fitowa Ɗaya da Waya a Legas

Kusan duk yaron da ya zo wurina a Agege yana son koyon fim, tambayarsa ta farko ita ce: "Yaya, wace kyamara zan saya?" Ni kuwa sai in ce ya fara sayo littafi mai layi da biro. Wasu daga nan ba na sake ganin ƙeyarsu. Waɗanda suka dawo, ga aikin da nake ba su, kuma mako biyu ya ishe shi idan mutum ya mai da hankali.

Abin da ake kira salon darakta ba wani sirri ba ne. Zaɓi ne da mutum yake ta maimaitawa har ya zame masa jiki: inda yake ajiye kyamara, tsawon lokacin da yake barin hoto kafin ya yanke, ta inda haske yake faɗo wa fuska, da abin da yake bari kunne ya ji. Tun da zaɓi ne, ana iya ƙirga shi, a rubuta, a gwada.

Kayan aiki

- Waya biyu. Ɗaya ta hoto, ɗaya ta sauti. Ta biyun ko ta aro ce ba komai.
- Ƙafar kyamara mai wurin maƙala waya. Idan babu, zuba mudun wake ko shinkafa a leda, ka ɗaure, ka aza kan benci, ka dasa wayar a kai. Tana zama daram.
- Ɗan makirfon da ake maƙalawa a riga. Idan babu, iyafis mai igiya yana da makirfo a jikinsa, kuma ya fi barin sautin kyamara nesa ba kusa ba.
- Pawa bank mai caji cike.
- Farin kwali babba, don mai do haske kan fuska. Farin zanen gado ma yana yi.
- Littafi da biro.
- Manhajar ɗauka wadda za ta bar ka ka saita komai da hannu. Blackmagic Camera kyauta ce, sai dai ba kowace wayar Android take karɓa ba. Idan taka ta ƙi, duba ko kyamarar wayar tana da sashen saiti da hannu.
- Manhajar tacewa, wato ta yanka hotuna da haɗa su: CapCut a waya, ko DaVinci Resolve idan kana da kwamfuta mai ɗan ƙarfi. Ita ma tana da ta kyauta.
- Filas ko hardis na ajiya.

Duk waɗannan ana samu a Computer Village da ke Ikeja ko kasuwar Alaba. Amma ko a ina ka sayi makirfo ko katin ajiya, gwada shi kafin ka miƙa kuɗi. Ka yi magana a makirfon, ka saurara. Katin kuma ka zuba masa babban bidiyo, ka buɗe ka gani ko yana tafiya har ƙarshe.

Mataki na 1: Zaɓi darakta ɗaya, fitowa ɗaya

Kada ka ɗauki fim sukutum. Fitowa ɗaya, wato yanki guda na fim ɗin, mai minti biyu zuwa uku, mutum biyu suna magana a wuri guda. Ban da faɗa, ban da rawa da waƙa, ban da tseren mota. Waɗannan kuɗi ne suke yi, kai kuwa hannun darakta kake nema. Na Kano ne, na Yarbawa ne, na Indiya ne, ba ruwana. Sharaɗi kawai, ka samu aƙalla finafinai biyu na mutumin. Sauke fitowar a waya don kar data ta riƙa katse maka aiki.

Mataki na 2: Feɗe ta

Nan ne asalin karatun, kuma nan ne mutane suke ƙosawa.

Kallo na farko, kalla kamar kowa. Rubuta layi ɗaya: me ka ji a ranka, kuma a daidai wane lokaci?

Kallo na biyu, kashe sauti gaba ɗaya. Za ka yi mamakin abin da ido zai fara gani: wa ke tsaye, wa ke zaune, wa ya fi cika hoton, wa aka tura can gefe.

Na uku, kifa wayar, saurara kawai. Yaushe kiɗa ya shigo? Akwai shiru? Ana jin ƙarar cokali, fanka, kaji a tsakar gida?

Na huɗu shi ne mai cin lokaci. Ja layuka a littafinka gida shida: lamba, girman hoto, tsayin kyamara, motsi, daƙiƙa nawa, da abin da ake faɗa. Duk inda aka yanke aka koma wani hoton, tsayar, ka cike layi ɗaya. Girman hoto kasa shi uku ya isa: na nesa wanda ake ganin wurin duka, na rabin jiki daga ƙugu zuwa sama, da na kusa wanda fuska ta cika. Tsayin kyamara kuma, daidai ido take, ko tana kallon mutum daga ƙasa, ko daga sama.

Idan ka gama, raba jimlar daƙiƙoƙi da yawan hotuna. A ce fitowar daƙiƙa 150 ce, hotuna 30, ka ga kowane hoto yana ɗaukar kamar daƙiƙa 5. Wani daraktan a wannan tsawon hotuna 8 kacal zai yi, yana barin 'yan wasa su yi ta yi kyamara na tsaye. Wannan lissafin kaɗai ya fara gaya maka halin mutumin: mai gaggawa ne ko mai haƙuri.

Sai ka sa wa hoton kusa na farko alama da jan biro. Tambayi kanka, me ya sa sai a nan? Darakta mai hankali yana rowar hoton kusa, ba ya fito da shi sai magana ta zo inda take da nauyi. Wanda bai iya ba tun daga sallama ya cusa kyamara a hancin mutum, to idan an zo wurin kuka me ya rage masa?

Kuskuren da ake yawan yi: rubuta "ya yi kyau" ko "ya burge ni". Wannan ba nazari ba ne. Rubuta abin da za a iya maimaitawa: "kyamara a ƙasa, tana kallon uban daga gwiwa, daƙiƙa 11, babu kiɗa."

Mataki na 3: Nemo abin da yake maimaituwa

Ɗauko wasu fitowa biyu na daraktan, ɗaya daga wani fim ɗin daban, ka yi musu irin wannan teburin mai gida shida na littafinka. Abin da ya bayyana sau ɗaya dace ne. Wanda ya bayyana a duka ukun, shi ne salo. Misalin da ake yawan kawowa a azuzuwan fim shi ne Yasujiro Ozu, daraktan Japan da ya rasu a 1963. An san shi da ajiye kyamara ƙasa-ƙasa, kusan daidai idon wanda ke zaune a tabarma, kuma da wuya ya motsa ta. Ka ga wannan ai mu ya fi shafa, mu da rabin hirarmu a kan tabarma ake yin ta, amma sai ka ga ɗan koyo ya miƙe tsaye yana ɗaukar dattawa ta saman rawani.

Rubuta dokoki uku na daraktanka, gajeru, kamar umarni. Misali: ba ya motsa kyamara sai mutum ya motsa; yana nuna mai saurare fiye da mai magana; ba ya sa kiɗa sai an gama magana.

Mataki na 4: Kwaikwaya

Samu abokai biyu, ku sake ɗaukar fitowar nan hoto bayan hoto, daga littafinka. Ko a soro ne, ko a bayan shago. Wannan ba na ɗorawa a intanet ba ne, aikin wani ne, kai darasi kake ɗauka. A nan za ka gane cewa hoton da ka raina ya ci wa mai shi tunani. Yini ɗaya ya isa, kar ka daɗe a kai.

Mataki na 5: Rubuta taka

Shafi ɗaya, iyaka biyu. A ƙa'idar rubutun fim shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne. Mutum biyu, wuri ɗaya, ɗaya yana son abu, ɗayan yana hanawa. Wadda nake yawan ba wa ɗalibai ita ce ta teburin mai shayi: saurayi ya zo daga Arewa wata uku ke nan, aiki bai samu ba, yana so ya roƙi mai shayi bashin kuɗin mota ya koma gida, amma kunya ta hana shi buɗe baki. Mai shayin ya gane, shi ma ba ya so ya fara. Kusan duk maganarsu a kan suga da madara ce.

Daga nan jera hotunan da kake buƙata, kana bin dokoki ukun da ka ciro. Shida zuwa goma sun isa. Zana su ko da zanen 'yan firamare ne, da'ira kai, sanda jiki.

Mataki na 6: Lokeshin, da kunne ake zaɓensa

A Legas hoto ba ya ba da wahala kamar sauti. Mai kallo zai yafe maka hoto mai ɗan duhu, amma da ya kasa jin magana ya wuce.

Je wurin da kake so a daidai ranar mako da sa'ar da za ka yi ɗauka, ka tsaya minti biyar ka rufe ido. A Agege jirgin sama yana ratsawa saboda filin jirgin Murtala Muhammed yana kusa, ga jirgin ƙasa da odarsa. A Mile 12 manyan motocin tumatir da albasa ne da ihun 'yan dako. Idi-Araba da Obalende kuwa ohon danfo da kiran kwandasta ba sa ƙarewa. Sannan ga janareto, wanda shi ne babban abokin gaba, domin ƙararsa ba ta yankewa balle ka saci tsakani. Idan na maƙwabci ne, je tun jajibiri ka roƙi alfarmar awa ɗaya, ka kuma riƙe masa ɗan abin mai.

Lokacin da ya fi mini daɗi shi ne bayan asuba zuwa wajen takwas. Gari bai gama tashi ba, rana tana da laushi. Safiyar Lahadi titi ya fi sauƙi, sai dai ka duba ko akwai coci mai lasifika a layin. Tsara aikinka yadda kiran salla zai same ku a hutu. Da yamma kuwa ka kiyaye: rana tana faɗuwa tsakanin shida da rabi da bakwai, kuma duhu yana saurin rufewa. Wanda ya ce bari a jira rana ta yi sanyi sau da yawa da rabin fitowa yake komawa gida. Tsakar rana ma ba ta da kyau, tana zuba inuwa a kwarmin ido. Idan dole ne, ku shiga ƙarƙashin rumfa. Daga Afrilu zuwa Yuli, tanadi wuri na biyu mai rufi, ruwan Legas ba ya sallama.

Sai izini. Kada ka fito da waya a ƙafa a bakin kasuwa ba ka gai da kowa ba. Fara da mai wurin, sannan shugaban layin ko na kasuwa. Ka je da kanka, ka rusuna: "Baba, barka da hutawa. Ɗalibai ne mu, muna so mu ɗauki ɗan wasa na minti biyu a teburin Malam, gobe da safe. Ba za mu tare hanya ba." Yawanci amsar ita ce "Allah ya taimaka", wani lokaci a haɗa ka da yaro ya tsaya muku. Wannan yaron ya fi maka kowace takarda idan 'yan tasha suka zo neman nasu. Ku zama kaɗan, mutum biyar iyaka, kayan kuma a jaka. Kada ka nufi barikin soja, ofishin 'yan sanda ko filin jirgi da kyamara. Ɗan jirgi marar matuƙi mai ɗaukar hoto daga sama kuma sai da izinin hukumar sufurin jiragen sama, ka bar shi tukuna. Idan aikin ya girma har za a tare titi, jihar Legas tana da hukumar tace finafinai tata, can za ka nemi bayani kafin ka fita.

Duk wanda fuskarsa za ta fito sosai, tambaye shi. Mata musamman, da yara.

Mataki na 7: Saita waya

Goge gilashin kyamara da gefen riga mai laushi. Sa wayar a yanayin jirgi, don kira ɗaya yana iya tsinke maka ɗauka mafi kyau. Kwantar da ita, kar ka riƙe ta a tsaye, sai fa idan don TikTok kake yi tun farko.

A saitin ingancin bidiyo zaɓi 1080, a saitin fps, wato yawan hotunan da waya ke ɗauka a daƙiƙa, zaɓi 25. Bar 4K, tana cika waya, tana sa ta zafi, kuma tacewa ta zama azaba. Saurin shata, wato tsawon lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga, ka sa shi 1/50. Dalili shi ne wutar Nijeriya tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, idan ka saɓa da ita sai ka ga fitila tana ƙyafta ido ko layuka suna yawo a hoton. Wutar janareto ba ta cika tsayawa daidai ba, don haka in da hali yi amfani da hasken taga ko fitilar caji. A waje da rana 1/50 zai sa hoto ya yi fari fat. Nan sai ka ƙara saurin shatar, ko ka koma inuwa.

Kulle haske, kulle fokas, kulle launi. Idan ka bar waya tana yanke wa kanta hukunci, farar riga na giftawa hoton zai yi duhu ya sake washewa. Kuma haske a kan fuska ake auna shi, ba a kan sama ba. Baƙar fata a gaban farin bango ko farar shadda tana nutsewa, nan kwalin nan zai yi maka rana: a riƙe shi daga gefen da ke inuwa, a ɗan karkata har ka ga ƙyalli a idon ɗan wasa. Kada ka ja hoto da yatsa. Kana son kusa, ɗauki ƙafar ka matsa.

Makirfo ya zauna kamar taƙi ɗaya daga baki, a ɓoye a cikin riga, inda yadi ba zai riƙa gogarsa ba. Sabuwar shadda mai sitati ƙara gare ta kamar ana murza leda, gara ɗan wasa ya sa tsohuwar riga.

Mataki na 8: Ranar ɗauka

Ka ƙaddara akwai igiya miƙe tsakanin 'yan wasanka biyu. Zaɓi ɓangare ɗaya na igiyar, kyamara ta zauna nan har a gama. Wannan ita ce dokar digiri 180, kuma ni da kaina na sha kashi a kanta. A ɗaukata ta farko, rana ta dame ni, sai na zagaya bayan benci na ɗauki fuskar saurayin daga ɗaya gefen. A wurin ban ga aibu ba. Da na zauna tacewa sai ga mai shayi yana kallon hagu, saurayi ma yana kallon hagu, kamar su biyun butar shayi suke yi wa magana. Ranar kuma jirgi ya wuce daidai kan jimlar da aka gina wasan a kanta, ban ji ba saboda ban sa iyafis ba. Sai da muka koma bayan mako guda, lokacin saurayin ya riga ya yi aski.

Don haka: wani ya sa iyafis yana sauraro, aikinsa ke nan. Ya ji jirgi, ya ɗaga hannu.

Fara da hoton nesa, a yi fitowar daga farko har ƙarshe. Shi ne madogararka idan wani hoton ya lalace. Sannan na rabin jiki na kowa, shi ma daga farko har ƙarshe, har da inda mutum ba ya magana. Sannan na kusa. A ƙarshe ƙananan abubuwa: hannu yana juya cokali, tururi, burodi a faranti. Su ne facin da za ka rufe ɓaraka da shi.

Kowace ɗauka, kunna sauti, kunna kyamara, faɗi lambar hoto da ta ɗauka da ƙarfi, wani ya tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara. Wannan tafin da shi za ka haɗa sauti da hoto. Ƙirga uku a zuci kafin ka ce "akshin", ka ƙirga uku bayan an gama kafin ka ce "kot".

Mutum ɗaya ya riƙe kontinuiti: shayi ya kai ina a kofi, hula ta karkata ta wane gefe, da wane hannu aka karɓi burodi. Ya riƙa ɗaukar hoto da wayarsa.

Game da 'yan wasa, kar ka ce "yi baƙin ciki". Za a kwaɓe maka fuska ne kawai. Ba shi abin yi: "Kana so ka faɗa, amma duk sanda ka buɗe baki sai ka kurɓi shayi." Kuma gyara a kunne ake yin sa, ba a gaban 'yan kallo ba. Idan dattijo ne ka samu ya yi maka mai shayi, ka san bakin da za ka yi masa magana: "Baba, ya yi kyau ƙwarai. A ƙara mana ɗaya, wannan karon kar a dube shi sai ya aje kofi."

Kafin ku tashi, kowa ya yi tsit, a ɗauki sautin wurin na minti ɗaya. Da kun isa gida, kwafe komai wuri biyu kafin ka ci abinci.

Mataki na 9: Tacewa

Haɗa sauti da hoto ta wurin tafin. Jera hotunan yadda ka zana, ka kalla sau ɗaya, ka haƙura da takaicin da za ka ji. Kowa haka farkon nasa yake.

Sannan ka fara wasa da mai saurare. Wajen shekara ɗari da suka wuce, wani ɗan Rasha, Lev Kuleshov, ya nuna cewa fuska ɗaya tana canza ma'ana gwargwadon hoton da aka haɗa ta da shi: a sa ta kusa da kwanon miya a ce yunwa ce, a sa ta kusa da akwatin gawa a ce jimami ne. Gwada da naka. Fuskar mai shayi ba ya cewa komai, sai hoton tsohon takalmin saurayin, sai fuskar kuma. Ba a furta tausayi ba, amma an gan shi.

Yanke a kan motsi, lokacin da hannu ke ɗaga kofi, ido ba zai lura da yankan ba. Bar muryar mai magana ta riga fuskarsa shigowa da kamar rabin daƙiƙa. Shimfiɗa sautin wurin nan a ƙarƙashin komai don kar a ji rami tsakanin jimloli. Kiɗa a ƙarshe, idan ma ana bukata, kuma wanda kake da izininsa, in ba haka ba YouTube ko Facebook suna iya toshe maka sautin. Saurari aikin ta lasifikar waya, domin da ita mutanenka za su kalla.

Mataki na 10: Feɗe naka

Ja layuka shida ɗin nan kuma, ka yi wa fitowarka abin da ka yi wa ta daraktan. Aje teburan biyu gefe da gefe. Ina ka bi dokokinsa, ina ka kauce? Inda ka kauce saboda jirgi ko rana, rubuta yadda za ka kiyaye gaba. Inda ka kauce saboda ranka ya fi kwanciya da hakan, ja layi a ƙarƙashinsa, ka duba ko zai sake fitowa a aikinka na gaba.

Daga nan nuna wa mutum uku da ba su san labarin ba. Mai shayin da ya ba ku teburi ya zama na farko. Kar ka yi bayani, kar ka tambaye su ko ya yi kyau, don za su ce ya yi. Miƙa wayar, ka koma gefe kana kallon fuskarsu, ka lura da daƙiƙar da ido ya bar allo. Idan sun gama, tambaya ɗaya ce: "Me yaron nan yake so?"